Kundin atisayen harbi: mita goma a garkar Baba Ajidan

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin gyaran hannuna yake tafiya, saboda na lura cewa mai harbi yakan riƙe harsashi ɗaya da ya faɗa tsakiya a ransa, ya mance da tara da suka watse. Abin da na sa a gaba shi ne in kai maki 520 cikin 600 kafin zafin bazara ya kankama, da ƙaramar bindigar iska, a tazarar mita goma, bisa ƙa'idar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai mazauni a birnin Munik na Jamus.

Ƙa'idar ba ta da yawa, amma ba ta da sassauci. Ana harbi a tsaye, da hannu ɗaya, ba tare da jingina da komai ba. Harsashin ƙwayar darma ce mai kaurin milimita 4.5, nauyinta kusan rabin giram. Takardar bara, wato wadda ake aunawa a harba, tana da zobe goma. Baƙin da ke tsakiyarta faɗinsa milimita 59.5 ne, zoben maki goma kuwa milimita 11.5 kacal, wato bai kai farcen ɗan yatsa ba. Harbi sittin ake yi, cikin awa ɗaya da rabi idan a takarda ne, awa ɗaya da kwata idan allon na lantarki ne. Tun gasar Olamfik ta birnin Seul a 1988 ake fafatawa a wannan fanni, kuma a ta Faris ta bana ne na ga Yusuf Dikeç na Turkiyya ya tsaya, hannu ɗaya a aljihu, shi da abokiyar harbinsa suka ɗauki azurfa. Natsuwar tsayuwarsa ce ta shiga raina har na ɗaura wannan niyya.

Wurin atisayen garka ce mai katangar ƙasa a kan hanyar Mirya daga Zinder, mallakar wani dattijo tsohon soja da kowa ke kira Baba Ajidan. Kafin mu fara sai da takardun izini suka kammala, aka kuma sanar da mai unguwa, domin a ƙasarmu ba a riƙe bindiga sai da yardar hukuma, kuma a wannan zamani bai kamata maƙwabci ya ga abin da zai tayar masa da hankali ba. Mun jera buhunan yashi a bayan takarda, muka kuma kauce wa kusurwar da dutse ya fito, tun da ƙasar Damagaram ba ta rabo da duwatsu, darma kuwa idan ta bugi dutse tana iya dawowa. Dokar Baba uku ce: bakin bindiga kullum yana kallon yashi, yatsa ba ya kusantar kunama sai an ɗaga hannu, kuma ba a cin komai sai an wanke darma daga hannu da sabulu.

Sakamakon yau maki 412. Yawancin ramukan sun taru a ƙasa ta hagu, guda huɗu kuma ba su taɓa zobe ko ɗaya ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Na gano cewa takardun da na bugo a shagon fotokofi sun ƙanƙance, baƙin bai wuce milimita 55 ba da na ɗora masa ma'auni. Na sa an sake bugawa daidai, na kuma manna su a kan kwali saboda takarda mara kauri yagewa take yi, ramin ya ƙi karantuwa.

Na so in juya saitin baya, wato 'yar tsagar da ke saman bindiga wadda ake aunawa ta cikinta, domin in jawo ramukan daga ƙasa ta hagu zuwa tsakiya, amma Baba Ajidan ya hana. Ya karɓi bindigar, ya harba biyar, dukansu suka zauna cikin baƙi, sa'an nan ya miƙo mini ita yana cewa, "Malam, saitin nan lafiyarsa lau. Ka bar shi tukuna, mu ga hannun." Na ce, "To, Baba, yadda kuka ce." A raina ban gamsu sosai ba, domin ina ganin na auna daidai kafin kowane harbi.

Sauran lokacin mun ba da shi ga tsayuwa. Ya sa na rufe ido, na ɗaga hannu, na buɗe. Inda bindigar ta nufa a lokacin, nan ne jikina yake so. Idan ta kauce wa takarda, ba a jan hannu da ƙarfin kafaɗa a kai shi, ƙafar baya ake gusarwa har jiki duka ya juyo. Ya sa alli ya zana sawuna a kan tabarma.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Wannan rana ita ce mafi amfani tun da na fara, kuma zan rubuta ta dalla-dalla.

Bindigar irin wadda ake matsa mata iska da hannu ce sau ɗaya kafin kowane harbi, kuma ana iya ɗana kunamarta ba tare da an matsa iskar ba. Baba ya ce yau shi zai riƙa shirya mini ita, ni in juya baya. Sau uku na harba kamar kullum. A na huɗu na ɗaga hannu, na auna, na ja, sai na ji ɗan ƙas kawai, babu iska babu harsashi, kuma da idona na ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa ya karkata hagu kamar an fizge shi da igiya. Babu abin da ya motsa shi sai ni. Sau shida ya yi mini haka cikin harbi ashirin, kuma sau biyar bakin ya duƙa.

Da muka zauna ƙarƙashin mangwaro ya tambaye ni abin da nake jira kafin in ja kunama. Na ce ina jiran lokacin da saiti zai tsaya cak a inda nake so. Ya ce, "Ba zai tsaya ba, Malam. Na yi shekara talatin ina riƙe da ita, ban taɓa ganin hannun mai rai ya tsaya ba." Bayaninsa, kamar yadda na fahimce shi, shi ne cewa hannun da aka miƙe ɗauke da abu mai nauyin fiye da kilo ɗaya dole ya riƙa yawo cikin ɗan da'ira, kuma wannan yawon ba shi ne ke kai harsashi zoben huɗu ko na uku ba. Abin da ke kai shi can shi ne lokacin da ido ya ga saiti ya ratsa daidai, zuciya ta ce yanzu, yatsa ya fizga da gaggawa, sauran yatsun da ke riƙe da ƙota su ma su matse tare da shi. Ga mai harbi da dama, wannan matsewar ƙasa da hagu take tura baki. Kafin harsashi ya bar bututu, wurin da aka gani ya riga ya wuce, fizgar kuma ta ƙara nata.

Maganin da ya ba ni yana da sauƙin faɗa. In yarda da yawon hannun, in bar shi ya yi ta yi cikin da'irarsa, in fara matsa kunama tun ina saukowa kan wurin auna, matsi ɗaya mai ƙaruwa a hankali, kai tsaye zuwa baya, ba tsayawa ba komawa, har harbin ya tashi ba tare da na zaɓi daƙiƙarsa ba. Manuniya kaɗai ke motsi. Tsokar gaɓarta ta farko ce ke kan kunama, kuma gefen yatsan bai kamata ya goga jikin ƙota ba. Idan na kai daƙiƙa goma ban harba ba, in cire yatsa, in sauke hannu, in yi numfashi, in sake daga farko. Ya ce sauke hannu ba gazawa ba ce, yana cikin aikin.

Na dawo gida ina ta juya maganar, domin ta saɓa wa abin da hankali ke bayarwa da farko. Mutum yana ganin kamar kyakkyawan harbi kamun lokaci ne, alhali kuwa ƙoƙarin kama lokacin ne ke ɓata shi.

Laraba, 25 ga Disamba, 2024

Muna hutun makaranta, don haka kullum bayan sallar isha'i ina yin minti ashirin na ɗana kunama ba harsashi, ina fuskantar farin bango a ɗakin da na kulle, bayan na duba sau biyu cewa bututun fanko ne. Babu wata alama a bangon, saboda abin da ake so shi ne ido ya zauna kan saitin gaba ya ga ko ya motsa lokacin da kunama ta saki. Na kuma ɗora ƙarfen dala ashirin a saman bututu: daren farko ya faɗi sau goma sha ɗaya cikin ashirin, jiya sau uku.

Na gwada nauyin kunamar da gorar ruwa ta rabin lita, na rataye ta da zare, bakin bindiga yana sama. Ƙa'ida ta ce kada kunama ta saki a ƙasa da giram 500, rabin lita na ruwa kuwa giram 500 ne, gorar ta ƙara ɗan kaɗan. Kunamar ta ɗauki gorar ba ta saki ba. Ba zan taɓa ta ba.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Maki 468. Ramukan sun bar kusurwar hagu, amma sun bazu ko'ina cikin takarda, kuma yau muka shiga maganar ido.

Abubuwa uku ne a gaban mai harbi: tsagar saitin baya, ƙusar saitin gaba, da baƙin takarda, ido kuwa ba ya iya ganin abu uku masu tazara daban-daban garau a lokaci ɗaya. Ni takarda nake kallo, kamar yadda duk wanda ya taso da baka ko danƙo yake kallon abin da zai harba. Da yake lissafi nake koyarwa, sai da na zauna da alƙalami kafin na yarda cewa kuskure ne. Na auna tsakanin saitin baya da na gaba, na sami kimanin santimita 35. Mita goma santimita 1,000 ce; idan aka raba da 35 ana samun kusan 28 da rabi. Ma'anarsa ita ce, idan ƙusar gaba ta kauce daga tsakiyar tsaga da milimita ɗaya tak, harsashi zai kauce da kusan milimita 29 a takarda, kuma tun da kowane zobe milimita takwas yake ƙarawa daga tsakiya, harbin da ya cancanci goma zai koma bakwai. Amma idan saiti biyun suna daidai da juna, hannu duka ya gusa da milimita ɗaya, to milimita ɗaya ɗin nan kawai harsashi zai gusa. Kuskuren farko ninkuwa yake yi da nisa, na biyu ba ya ninkuwa. Saboda haka ido ya zauna kan ƙusar gaba, kanta ya yi daidai da kafaɗun tsaga, hasken da ke dama da ita ya yi daidai da na hagu, baƙin takarda kuma a bar shi ya yi dishi-dishi.

Domin in gani da kaina, Baba ya juya takardar ta baya, fara fat, ya ce in auna tsakiyarta in harba goma. Ramukan goma sun taru a wurin da tafin hannun yaro zai rufe, sun fi duk abin da na taɓa yi ina ganin zobe. Ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ka ba shi aikin da ya iya."

Daga yau kuma na daina auna tsakiyar baƙi, domin baƙar ƙusa a kan baƙin zobe ɓacewa take yi. Ina auna farin da ke ƙarƙashinsa, na bar ɗan fili tsakani, aka ɗaga saitin baya domin harsashi ya faɗa tsakiya. Wannan ne karo na farko da Baba ya yarda a taɓa saitin, ya kuma sa na rubuta ƙa'idarsa a bangon kundin nan: saitin baya ana gusar da shi wajen da ake son rami ya koma.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Hunturu ya yi tsanani, hazo ya rufe gari har daga garkar ba a hangen bishiyoyin bakin hanya. Fatar manuniyata ta tsage, na shafa man kaɗanya, sai ƙota ta riƙa zamewa. Daga yanzu da dare zan riƙa shafawa. Harbi talatin kawai na yi, ban ƙirga maki ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Shekaruna arba'in da shida, kuma tun bara nake nisanta littafi daga fuskata kafin in karanta. Ashe abin da ya sa ƙusar gaba take yi mini gashi-gashi bayan harbi ashirin ke nan. Na auna daga idona zuwa ƙusar da hannu a miƙe, ya kusa mita ɗaya, na kai wa likitan ido wannan awo, na yi masa bayanin cewa a nan nake son gani garau, ba a nisan karatu ba, ba kuma a nesa ba. Tabarau ɗin ya iso ranar Talata. A idon hagu na manna ɗan farin leda mai dishi-dishi a kan gilashi, domin runtse ido ɗaya na tsawon awa yana gajiyar da ɗayan.

Bambancin ya fito nan take: maki 491, kuma a karon farko na iya faɗin inda harsashi ya faɗa kafin in duba. Wannan ma darasi ne da na raina da farko. Bayan kunama ta saki, ana ci gaba da riƙe hannu da ido a wurinsu kamar daƙiƙa biyu, a tuna yadda saiti yake a lokacin sakin, a ce a rai, takwas ne ta dama, sa'an nan a duba. Cikin sittin na faɗi arba'in da ɗaya daidai ko kusa. Wanda ya kasa faɗi, inji Baba, idonsa ba ya kan ƙusa, ko kuma ya ƙifta.

Mun kafa rumfar zana a wurin tsayuwa. Na lura cewa idan rana ta bugi ƙusar daga gefe ɗaya, gefen yakan yi ƙyalli ya ɓace wa ido, sai ramukan su gusa gaba ɗaya ba tare da hannu ya yi laifi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Na koma baya zuwa 463, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Dalili biyu na gani. Na farko, na tsaya a fada na sha shayi kofi biyu, na farko mai ɗaci da na biyu, na kuma ci goro a hanya, yawon hannun ya ninka. Na biyu ya fi muhimmanci: tun da na ga 491 sai na fara ƙirga maki ina cikin harbi, kuma da na ga ina kan hanyar kai 500 tsohuwar fizgar ta dawo, ramuka bakwai suka sauka ƙasa ta hagu kamar ranar farko. Hali bai mutu ba, kwanciya ya yi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce daga yau shi zai riƙa ɗauke takardun yana ajiyewa, ba zan ga jimla ba sai an gama. Muna tattara kaya ya kawo zancen Sarkin Damagaram Tanimu, wanda a zamaninsa, cikin ƙarni na goma sha tara, ake ƙera igwa a nan Zinder, ya ce garin nan ya daɗe da sanin ƙarfe, abin da kowane mutum yake koya daga farko shi ne haƙurin yatsa.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Azumi ya kai tsakiya. Na gwada atisaye da la'asar a makon farko, na tarar kafaɗa ba ta ɗaukar fiye da harbi ashirin, ido kuma yana bushewa. Mun mayar da shi safiya, da zarar gari ya waye sosai, lokacin da ƙarfin sahur yake jiki kuma iska ba ta taso ba. Harbi talatin nake yi, sauran aikin kuwa a gida: in ɗaga hannu da bindiga fanko in riƙe daƙiƙa ashirin, in huta arba'in, sau goma, in sake da hagu domin kada jiki ya karkace.

Wani abin da ban zata ba shi ne rashin shayin safe ya rage yawon hannuna a fili. A harbi talatin na yau na sami 254, kuma na sauke hannu sau tara ba tare da na harba ba. A watan Nuwamba ko sau ɗaya ban taɓa saukewa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Zafi ya sauka, da hantsi ma ƙarfen bindiga yana ɗumi a hannu, gumi kuma yana sa ƙota santsi, don haka na ajiye tsumma a gefen tabarma. Mun fara ƙarfe bakwai saura kwata, cikakken sittin, da agogo.

Jerin goma-goma ya tafi haka: 86, 88, 87, 89, 85, 82. Jimla 517, saura maki uku in kai abin da na ɗaura niyya a kai. Bajintar duniya ta maza a wannan fanni 594 ce, wadda Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya kafa a 2009, kuma ina rubuta ta a nan domin in san girman filin da nake ciki. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne cikin sittin ɗin nan huɗu kawai suka fita daga baƙi, kuma dukansu na faɗe su kafin in duba.

Inda makin ya zube a bayyane yake. Jerin biyun ƙarshe ne suka sauka, kuma Baba, wanda yake riƙe da agogo, ya ce a nan riƙona ya riƙa kaiwa daƙiƙa goma sha uku zuwa goma sha biyar, saukewa kuma sau ɗaya kacal na yi. Gajiya ta sa kunama ta yi mini kamar ta ƙara nauyi, na riƙa tsayar da matsi a tsakiya ina jira, wanda shi ne ƙofar da fizga take shigowa. Na tambaye shi ko in rage nauyin kunamar zuwa bakin ƙa'ida. Ya ce, "A'a, Malam. Kafaɗa za ka ƙara wa, ba kunama za ka rage wa ba."

Mun daidaita a kan cewa daga nan zuwa saukar damina zan ƙara riƙon gida zuwa daƙiƙa talatin sau goma sha biyar, in ci gaba da minti ashirin na farin bango kowane dare, kuma a garka zan riƙa harba tamanin maimakon sittin, a ƙirga sittin na ƙarshe kawai. Asabar mai zuwa Baba zai tsaya a bayana da agogo, duk lokacin da na wuce daƙiƙa goma ya ce in sauke. Buhunan yashi biyu sun fashe, zan kawo sababbi daga kasuwar Dole ranar Alhamis.